Yinin Asabar a Cikin Birnin Kano da Sabuwar Kyamara: Yadda Ake Gwada Ta

Wanda ya sayi kyamara, ko dal a kwali ko tokumbo, kwanakin farko su ne masu tsada a wurinsa, domin a cikinsu ne kawai mai shago zai karɓi kayansa idan aka ga aibi. Da an kwana biyu, sai ka ji "ai a hannunka ta lalace". Saboda haka tun wurin ciniki a yi magana a fili: kwana nawa aka ba ka ka gwada? Sannan fitar farko ta zama ta gwaji. Idan an samu hoto mai kyau, riba ce, amma abin da aka fita nema shi ne amsar tambayoyi huɗu. Shin sansa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara, tana da tabo? Shin lens ɗin, wato gilashin gaban kyamara, yana ba da kaifi daidai a kowane gefe? Ina iyakar kyamarar a cikin duhu? Batir nawa take ci a yini?

Tsakar gida ba za ta amsa waɗannan ba. Ana bukatar nesa, da launi mai wuyar kamawa, da motsi, da duhu. Tsohon birnin Kano ya haɗa su duka, kuma tsakanin wuri da wuri tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu: Dutsen Dala da sassafe, marinar Ƙofar Mata da hantsi, Kasuwar Kurmi kafin azahar, ragowar badala da la'asar. Lissafin da ke ƙasa an yi shi ne da ƙaramar kyamara mai megafiksel 24 da lens ɗin da aka saba haɗo ta da shi, wato mai zuƙowa daga 18 zuwa 55mm. Mai wani lens ɗin sai ya daidaita da nasa.

Daren Juma'a

A cika batir, in da hali a nemi na biyu. Kyamara marar madubi, wato wadda babu madubi tsakanin lens da sansarta, irin su Sony a6000 da Canon M50, batir ɗaya yakan ba da hoto 250 zuwa 400. Mai madubi kuwa takan kai 500 zuwa sama da 1,000. Ranar gwaji kada ka yi tsammanin kaiwa wannan adadin, domin rabin yinin a cikin menu da kallon sikirin za ka yi shi, kuma sikirin ne babban mai shan batir. Kashe Wi-Fi da Bluetooth.

Katin memori na 64GB ya isa. Hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, yana cin wajen 25 zuwa 30MB, JPEG kuma 8 zuwa 12, ka ga idan kana ɗaukar biyun tare katin zai riƙe kimanin hoto 1,500. Duba jikinsa ka ga alamar U3 ko V30, ma'ana yana iya rubuta 30MB a daƙiƙa ba tare da sarewa ba. Jabun kati ya yi yawa a kasuwa: an rubuta 64 a jiki, cikinsa 8 ne, sai ya cika ya riƙa cinye hotunan farko kai ba ka sani ba. Ƙaramar manhajar H2testw a kwamfuta tana cika katin ta karanta shi, ta faɗi gaskiyar cikinsa. Bayan nan a yi masa fomat a cikin kyamarar kanta.

Idan kyamarar ta taɓa zama a hannun wani, fara da mayar da saitinta yadda ta fito daga kamfani, don kada ka yini kana faɗa da abin da tsohon mai ita ya murɗa. Gyara kwanan wata da agogo. Zaɓi RAW+JPEG. Kunna alamar da ke sa wurin da haske ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a sikirin. Kusa da ramin leƙawa akwai wata 'yar ƙaramar taya. Murza ta har lambobin da ke cikin ramin su fito tar a idonka. Mutane da yawa sun zargi lens da dishi-dishi alhali wannan tayar ce ta goce. Kyamarar da aka shigo da ita daga Amurka kuma, sauya tsarin bidiyonta daga NTSC zuwa PAL. Dalilin yana zuwa idan an shiga Kurmi.

Gwaji uku ana yin su a ɗaki. Na farko, rufe lens da murfinsa, koma M, inda kai ke saita komai da hannu, sa ISO (ƙarfin jin hasken sansa) a 100, shota (labulen da ke buɗewa haske ya shiga) daƙiƙa 5, fokas (saita inda hoto zai yi kaifi) na hannu, ka ɗauka. Maimaita a ISO 1600. Hoton ya fito baƙi. Ɗigo ja ko shuɗi ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ne, kyamarori da yawa ma suna da wurin share su a menu, amma layi daga sama har ƙasa ciwo ne a sansa. Na biyu, cire lens, haska tocilan ta bayansa, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai. Abu mai kama da saƙar gizo-gizo fumfuna ce, wadda lens ke kamuwa da ita a ƙasashe masu danshi, kuma yaɗuwa take. Na uku, adadin bugun shota. Nikon da Sony suna rubuta shi a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa yawanci sai an haɗa ta da kwamfuta. Ƙananan kyamarori an yi shotarsu don bugu wajen 100,000. Idan an ce maka "ba a yi aiki da ita sosai ba" ka tarar da 80,000, ka san cinikin biri a sama aka so yi da kai.

Jaka ta zama wadda ba ta tallan abin da ke cikinta. A ciki: robar hura iska, ƙyallen goge gilashi mai laushi, hular lens, ruwan sha, ƙananan kuɗi, da ɗan littafi da biro. Littafin nan kada a raina shi. Da daddare, hoto 400 suna gabanka, ba za ka tuna wanne ne na wane gwaji ba sai in ka rubuta lambar hoton farko na kowane jeri.

Dala, bayan sallar asuba

A Kano rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:05 a watan Yuni, wajen 6:50 a Janairu. A nan rana tsaye take hawa, ba ta jan ƙafa, don haka haske mai taushin nan na safe bai fi na minti 30 zuwa 40 ba. Ka kasance a saman dutsen kafin ta ɓullo. Ka je da abokin tafiya, in ɗan unguwar ne ya fi, ka gaisa da mutanen da ka tarar a gindin matakala, kyamara kuma ta zauna a jaka sai an kai sama. Dutsen yana da tsayin mita 534 daga matakin teku, daga kansa kuma ana ganin rufin gidajen birni shimfiɗe, da hasumiyoyin masallatai, da Goron Dutse can ta yamma, wanda hasken safe ke bugawa ta fuska.

Fara da jerin ƙofar haske, wadda masu hoto ke kira afaca, lambarta ke farawa da f, kuma idan lambar ta girma ƙofar ƙanƙancewa take. Murɗa zuwa A, ko Av a Canon, inda kai ke zaɓar afaca, kyamara ta zaɓi shota. ISO mafi ƙanƙanta. Ɗora kyamara a kan jaka ko dutse, sa taima na daƙiƙa 2 don hannunka ya bar ta kafin ta buga. Ɗauki wuri ɗaya, ba tare da motsa ta ba, a f/3.5, 5.6, 8, 11, 16 da 22. Yi haka a 18mm, sannan a 35 da 55, kana farawa daga mafi buɗewar da lens ya yarda, domin a 55 ba ya sauka ƙasa da f/5.6. Abin da za ka gani daga baya kusan sananne ne: mafi kaifi wajen f/8, daga f/16 kuma hoton ya fara laushi, saboda haske yana bazuwa idan ya matsa ta ƙaramar ƙofa. Wannan halin kowane lens ne. Amfanin jerin shi ne ka gani da idonka inda naka ya fi ƙarfi.

Gwajin kusurwa shi ne wanda ya fi saurin tona asirin lens ɗin da ya taɓa faɗuwa. Zaɓi abu mai layi-layi, kamar hasumiya ko tankin ruwa, a nisan mita 200 zuwa 500. Kada ka zaɓi abin da ke can bakin sama, domin hazo da ƙurar da ke tsakani za su yi maka ƙarya. Sa shi a tsakiya a f/5.6, kama fokas, sannan mayar da fokas na hannu kada ka ƙara taɓa zoben. Ɗauki ɗaya yana tsakiya. Sai ka karkata kyamarar abin ya koma kusurwar sama ta dama, ka ɗauka, haka sauran kusurwa uku. Kusurwoyi huɗun duk su ɗan fi tsakiya laushi, wannan daidai ne. Idan uku sun yi kyau ɗaya ta narke kamar an shafa mata mai, gilashin ciki ya goce daga mazauninsa, kuma ba abin da saiti zai gyara. A gama wannan kafin ƙarfe 8. Da rufin kwano ya ɗau zafi, iskar da ke tashi daga kansa takan sa komai na nesa ya riƙa rawa, lens mai lafiya ma sai ya yi kamar mai ciwo.

Sai ƙurar sansa. Zuƙo zuwa 55mm, f/22, fokas na hannu a mafi kusa, ka ɗauki sararin sama inda babu komai, sau biyu a wurare daban-daban. Ɗigon da ya fito a gurbi ɗaya a hotunan biyu yana kan sansa ne. Hoto a kife yake sauka a sansa, saboda haka tabon da ka gani a sama, a ƙasanta yake. Kunna girgizar share sansa ta cikin menu, in bai fita ba a hura da robar iska, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Kada a hura da baki, yawu ya fi ƙurar illa. Wanda ya ƙi fita bayan hurawa uku, a kai wa mai gyara.

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sauya lens a kan Dala neman magana ne. In ya zama dole, kashe kyamara, juya wa iska baya, kifa bakinta, lens na biyu yana hannu an riga an cire murfin bayansa, a gama cikin daƙiƙa biyar. Gilashin gaba kuma a hure shi kafin a goge. Ƙurar hunturu tana da ɗan yashi a ciki, wanda ya goga da bakin riga ya yi wa gilashinsa zane da hannunsa.

Hazo yana da wata matsalar. Mitar hasken kyamara tana ɗaukar duk abin da ta gani a matsayin toka-toka matsakaici. Idan farin sama ya cika rabin hoto, sai ta rage haske, garin ya fito duhu kamar hadari ya haɗo. Maɓallin da ke da alamar +/- shi ne maganin: ƙara +0.7, wani lokaci +1. Kada ka yarda da hasken sikirin a fili. Duba histogiram, wato zanen nan mai kama da tuddai. Tudun ya matso dama amma kada ya manne da bango. Kafin ka sauka, in rana ta fito tangaran, gwada mitar kanta da tsohuwar ƙa'idar masu kyamarar fim: abin da rana sosai ke bugawa, a f/16 da ISO 100, shota takan tsaya wajen 1/100 zuwa 1/125. Da safe ko cikin hazo za ta sauka ƙasa da haka kaɗan. In ka ga 1/1000 ko 1/8, akwai abin da aka murɗa.

Ƙofar Mata, da hantsi

Marinar, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, wurin sana'ar mutane ce, kuma sun saba da masu kyamara fiye da yadda mai kyamara ya saba da su. Yi sallama, gaisa da manya, faɗi abin da ya kawo ka, ku daidaita abin da za ka bayar tun kyamara tana jaka. Wanda ya ɗauka kafin ya tambaya, kuɗin da zai biya ya fi, kuma fuskokin da zai samu a hoton a ɗaure suke.

Babu launin da ke wahalar da kyamara kamar shuni. Idan baƙin zane mai shuɗi ya cika hoto, mita takan ga duhu ta ƙara haske, sai shunin ya koɗe ya zama kamar an wanke shi sau ashirin. Nan akasin Dala ake yi: -0.7 ko -1. Sannan saitin farin launi. In an bar shi a kan AWB, wato mai sarrafa kansa, kyamara tana ganin shuɗi ya yi yawa sai ta zuba rawaya don ta daidaita, ƙasar wurin ta yi ja fiye da kima, zanen kuma ya mutu. Mayar da shi kan alamar rana, ko 5,200 zuwa 5,500K. Ɗauki zane ɗaya da saitin biyu, ka riƙe sikirin kusa da zanen ka kwatanta. Nan za ka san yadda kyamararka take ji da launi, kuma saninsa zai yi maka amfani ranar da amarya ta sa leshi mai shuɗi.

Tsaya kusa da marini ka lura da hannunsa kafin ka ɗaga kyamara. Yana tsoma zanen a ruwan baba da toka, ya jujjuya, ya ɗago ya buɗe shi ya sha iska, ya sake mayarwa. Lokacin da ya fito yana da ɗan kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonka. Wannan ɗagowar ita ce gwajin motsi. Koma S, ko Tv a Canon, inda kai ke zaɓar saurin shota, ka sa 1/1000, ISO 400, fokas mai bin motsi (AF-C a Nikon da Sony, Servo a Canon), bugu a jere. A 1/1000 ɗigon ruwan da ke zuba daga zanen yana tsayawa cak a iska. A 1/250 ya fara zama zare. A 1/60 hannun marinin ma ya ɓace. Ɗauki ukun ka gani. Ka ja baya taku biyu, ka zuƙo: ruwan baba in ya fantsama a riga ko igiyar kyamara, ya zauna ke nan.

A nan ma za ka gane ƙarfin katinka. Danna maɓallin ka riƙe har kyamara ta fara sassautawa, ka ƙirga hoto nawa ta yi kafin ta gaji. A RAW, ƙananan kyamarori sukan gaji tsakanin hoto 6 da 20. Sai ka kalli 'yar fitilar da ke nuna ana rubutu a kati. In ta ɗauki rabin minti tana ci, katin ne mai nauyin jiki. Wurin masu bugu, inda ake dukan rinannen zane da manyan guduma na itace har ya yi ƙyalli, a cikin rumfa yake, haske kaɗan ne, motsi kuma da sauri. Nan ne za ka ga yadda fokas ke kai-kawo yana neman abin kamawa idan haske ya ragu.

Hoton fuska yana da nasa lissafin. Mutum baƙi cikin farar riga da tsakar rana shi ne jarrabawar da mita ta fi faɗuwa: tana ganin farin ta rage haske, rigar ta yi kyau, fuskar ta nutse, inuwar hula kuma ta rufe ido. Roƙe shi ya matsa bakin inuwa, inda haske ke shigowa daga fili amma rana ba ta taɓa shi. Ƙara +0.7, ka duba ko rigar tana ƙyaftawa. In ɗan wuri kaɗan ne a kafaɗa, RAW zai dawo da shi. Ɗora ɗigon fokas a idon da ya fi kusa da kai, a 55mm, f/5.6, ka ɗauki biyar. Idan a dukkansu kunne ko hanci ya fi ido kaifi, kyamarar tana kama baya ko gaba da inda aka sa ta. Wannan ciwon masu madubi ne, da wuya a gan shi a marasa madubi. Don tabbatarwa, sake ɗauka ta sikirin ɗin baya maimakon ramin leƙawa. In na sikirin ya fito daidai, an kama mai laifi: fokas ɗin ramin leƙawa ne. Manyan samfura suna da wurin gyara shi a menu. Ƙanana irin Nikon D3500 da Canon 2000D ba su da shi, sai mai gyara ko mai shago.

Lungunan Kurmi

Kasuwar tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lungunanta kuma matsattsu ne masu duhu ko da rana. Kada ka tsaya a hanya, masu kaya suna wucewa. Zaɓi rumfa ɗaya, ta masu kayan fata ko kayan doki, ka sayi ɗan wani abu, ka nemi izinin zama a gefe minti goma. Igiyar kyamara a wuya, jaka a gaba.

Nemi abu mai ƙananan zane da kuma wuri mai duhu a tare, misali jakar fata mai ɗinki da ke rataye a can ciki. A kan A, f/5.6, ɗauke ta a ISO 400, 800, 1600, 3200, 6400 da 12800, gwiwar hannu a jingine da wani abu. Abin dubawa biyu ne: yaushe yashi-yashi ya fara bayyana a duhun, yaushe kuma ɗinkin ya fara narkewa. Yawancin irin waɗannan kyamarori suna da tsabta har 1600, ana iya aiki da 3200, 6400 sai dole. Lambar da ranka ya kwanta da ita, ita za ka sa a matsayin iyakar ISO mai sarrafa kansa.

Daga nan sai iyakar hannunka. Ƙa'idar ita ce shota kada ta gaza tsawon lens, a ƙananan sansa kuma a ninka da 1.5, ko 1.6 a Canon. Ka ga a 55mm ana son 1/100 ke nan. Mai hana rawar hannu, wanda Nikon ke kira VR, Canon IS, Sony OSS, yana sauko da wannan ƙasa sosai, amma gwargwadon hannun mutum. Ɗauki hoto biyar-biyar a 1/60, 1/30, 1/15 da 1/8, ka ƙirga masu kaifi a kowane rukuni. Inda huɗu cikin biyar suka tsira, nan ne iyakarka. Kashe shi ka maimaita a 1/15. In babu bambanci ko kaɗan, ba ya aiki. A tuna rawar hannunka kawai yake hanawa, ba ya tsayar da yaron da ke gudu.

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Ƙwan fitila, musamman masu araha, yana ƙyaftawa da wannan kaɗawar, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Shi ya sa bidiyon da aka ɗauka da hoto 30 a daƙiƙa a ƙarƙashin fitilar rumfa yake fitowa da layuka suna gangarowa. Sa 25 ko 50, waɗanda tsarin PAL ke bayarwa, shota 1/50 ko 1/100. A hoto ma, idan ka kunna shota marar ƙara, za ka iya ganin ratsi-ratsi. Koma shotar ƙarfe kafin ka yanke cewa sansa ta lalace. In janareta ne ke ba da wutar, kaɗawarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ka ɗan yi sama da ƙasa da shota har layukan su lafa. Wanda cunkoson kasuwa ya dame shi, ɗakunan Gidan Makama suna ba da irin wannan duhun cikin natsuwa, amma a tambayi ma'aikata ƙa'idar ɗaukar hoto tun a ƙofa.

Azahar zuwa magariba

Daga 12 zuwa 3:30 a ajiye kyamara, a yi salla, a ci abinci. Littafin yawancin kyamarori ya ce su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, Kano kuwa a Afrilu da Mayu takan wuce 40 a inuwa. Baƙin jikinta yana shan zafi, sansa mai zafi kuma ta fi yashi. Kada a bar ta a motar da aka kulle a rana. Da damina matsalar ta juya: fitowa daga mota mai sanyin esi zuwa iska mai danshi yana sa gilashi ya yi gumi, don haka a bar ta cikin jaka minti 10 zuwa 15 kafin a buɗe. Rubuta adadin hotuna da abin da ya rage a batir. Kada ka goge ko ɗaya, munanan su ne shaidarka.

Bayan la'asar, ragowar badala ta wajen titin BUK, tsakanin Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya, tana samun hasken gefe wanda ke fito da kowane tsagu na jar ƙasa. Bar farin launi a kan rana, domin AWB yakan kashe jan. Juya ka sa rana a gefen hoto, da hular lens da kuma babu, ka ga yawan ƙwallayen haske da dusashewar da lens ɗin ke yi. A bakin titi gwada bin motsi: S, 1/30 zuwa 1/60, ka bi adaidaita sahu da ƙugunka, ka danna kana ci gaba da juyawa. Cikin goma, biyu in sun fito an gode. Kada a nuna kyamara ga shingen jami'an tsaro, bariki, gidan yari ko gidan gwamnati, kuma ba a ɗaukar mata ko 'ya'yan mutane ba da izini ba, ko da yaran ne ke ta "a ɗauke ni".

Bayan faɗuwar rana akwai kamar minti 20 da sama ke yin shuɗi mai zurfi, fitilun gari kuma sun kunnu. Ɗora kyamara a kan katanga ko benci, kashe mai hana rawa, ISO 100, f/8, taima, shota daƙiƙa 2 zuwa 8: fitilun motoci za su zama dogayen zare. In za a ƙara ɗaya, teburin mai shayi ko wutar mai tsire, a hannu, a iyakar ISO ɗin da ka zaɓa a Kurmi. Daga nan a mayar da ita jaka tun ana ganin fuska, masu ƙwace ba sa bambanta waya da kyamara.

Duba hotuna

Kwafe komai a kwamfuta kafin a taɓa katin. Sikirin ɗin kyamara inci 3 ne, kusan kowane hoto yana da kaifi a kansa. Hukunci sai a babban allo, an buɗe hoton ɗari bisa ɗari. Bi littafinka jeri-jeri. Hoton da bai fito ba, duba bayanansa ka ga shota da f da ISO, sannan ka karanta irin dishi-dishin. In komai ya ja gefe ɗaya kamar an goga, hannu ne ya yi rawa. In bango yana da kaifi mutum ya narke, ko motsinsa ne ya fi shota sauri ko fokas ya sauka a baya. In ko'ina laushi ne kuma f/22 ne, ƙofar ce ta yi ƙanƙanta. Waɗannan duk aikin mai ɗauka ne, sati mai zuwa za su ragu.

Abin da ake mayarwa shago daban ne: layi a hoton murfi, kusurwa ɗaya da ta mutu, fumfuna, fokas da ke kuskure gefe ɗaya kullum, mai hana rawa da ba ya aiki, batir da ya ƙare kafin hoto 100, ko saƙon kuskure da ke fitowa a sikirin. Tara hotunan da ke nuna aibin a waya ko filas, biyar na gwajin kusurwa a jere da juna, ka haɗa da rasit da kwali da duk abin da aka ba ka tare da ita, ka je ranar Litinin da safe kafin kasuwa ta cika.